Sai Gonar Maƙwabci Ta Ƙone

Babu dokar da ta wajabta wa manomin tumatir yin feshi. Babu ɗan sanda a bakin lambu, babu kotun tafi-da-gidanka, babu mai cin tarar wanda ya ƙi. Amma duk wanda ya san fadamun Gubuchi da sauran ƙauyukan Makarfi da Kudan da Ikara ya san cewa da zarar hunturu ya ja baya, zafi ya fara shigowa, mutum zai iya kai akuyarsa kasuwa, ko ya ci bashi wurin dillali, don ya sayi maganin ƙwari. Zai goya injin feshi tun rana ba ta fito ba, ya bi kunya-kunya, ya dawo gida kafaɗa na ciwo. Wannan rigakafi ne, kuma da kansa ya ga dama ya yi. Mutumin nan kuwa shi ne dai wanda a 2020, lokacin korona, aka yi ta fama da shi ya rufe hanci da baki da ɗan ƙyallen da bai kai kuɗin murfin kwalbar maganin ba. Sai ya cusa takunkumin a aljihu, in ya hango shingen jami'an tsaro ya zaro ya maƙala, in ya wuce ya mayar.

Masu cewa mutanen karkara ba su san rigakafi ba, ba su taɓa biyan kuɗin lita ɗaya ta maganin feshi ba. Sun san shi sarai. Abin da ya kamata a tambaya shi ne me ke sa su tashi tsaye a kan wani haɗari, su yi kwance a kan wani.

Shi kansa feshin nan na ƙwazo ba haka ya faro ba. A 2016 ne tsutsar da manoma ke kira sharon, masana kuma Tuta absoluta, ta yi wa tumatirin Arewa kaca-kaca. Asalinta daga Kudancin Amurka take, ta ƙetaro Sifen a 2006, ta biyo ƙasashen Larabawa da Nijar har ta iso mu. Wani ɗan ƙwaro ne mai fukafukai, ƙarami ƙwarai, da dare yake yawo. Macen takan saka ƙwai ɗaruruwa a jikin ganye, in suka ƙyanƙyashe sai tsutsar ta huda ta shige cikin ganyen, tana ci daga ciki. Shi ya sa maganin da aka saba fesawa a bayan ganye ba ya isa gare ta. A lokacin zafi, cikin wata guda ƙwai ya zama uwa, ita ma ta saka nata. Manomi zai kwana da lambu kore shar, bayan 'yan kwanaki ya tarar da shi kamar an bi da wuta.

Labarinta ya riga ta isowa. An ji a rediyo, an ji a bakin 'yan gwari da direbobin da ke ɗaukar kaya zuwa Legas cewa wani abu yana cinye tumatir a Kadawa da Kura. Mutane suka ce Allah ya kyauta, suka ci gaba da ban ruwa. Ji ne kawai, kuma Bahaushe ya daɗe da yanke hukunci tsakanin gani da ji. Sai da gonar da ke iyaka da tasu ta ƙone, sai da aka ga mutumin da aka sani da suna da gida ya tsaya a tsakiyar lambunsa hannu a ka, sannan kowa ya bazama shagon mai magani. A watan Mayu na shekarar gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Kwamishinan aikin gona na lokacin, Manzo Daniel Maigari, ya ce kashi 80 cikin ɗari na gonakin tumatir sun lalace, manoma sama da 200 sun yi asarar kusan naira biliyan ɗaya cikin wata guda. Masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa, wadda ba ta daɗe da buɗewa ba, ta tsaya saboda babu abin niƙawa. Daga nan kuma tsoro ya wuce gona da iri. Aka riƙa haɗa magani biyu, uku, a gwangwani ɗaya, ana ninka awo, ana fesawa kullum, har da abin da ba na tumatir ba. Kuɗi ya tafi, jiki ya sha guba, tsutsa kuma tana cikin ganye abinta.

Shekara huɗu bayan haka korona ta zo. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko a Najeriya, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Kaduna tana cikin jihohin da suka fi kowa saurin ɗaukar mataki, da kuma tsanani. Ranar 26 ga Maris aka sa dokar hana fita ta awa 24, kasuwanni da makarantu da masallatai da majami'u duk a rufe. Bayan kwana biyu Gwamna Nasir El-Rufai ya fito ya ce shi ma ya kamu, ya killace kansa, mataimakiyarsa Dakta Hadiza Balarabe ta riƙe ragamar. Aka kama limaman da suka yi Juma'a a cikin garin Kaduna. Aka wajabta takunkumi. Kullen bai sassauta sosai ba sai cikin watan Yuni, wato fiye da wata biyu, azumi da ƙaramar salla duk a ciki.

To, mutumin Gubuchi da ke zaune a dakali da rediyonsa, me yake ji? Sunayen da ake ambata su ne gwamnan Bauchi, gwamnan Kaduna, sai Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, wanda ya rasu ranar 17 ga Afrilu. Duk masu hawa jirgin sama ne. Ya duba unguwarsu, babu wanda aka ce korona ta kwantar. Ya duba maƙabarta, ba a haƙa fiye da yadda aka saba. Sai ya ce cutar manya ce, ko cutar Turawa, ko kuma ya ce zafin ranar nan ba zai bar ta ta rayu ba. A Kano har samari suka mayar da "babu korona" abin rerawa a kan titi. Ni ban ɗauki wannan lissafi wauta ba. Irin lissafin da ya saba yi ne, kuma yakan fisshe shi: a duba gonar maƙwabci tukuna. Matsalar ita ce korona, kamar sharon, daga ciki take ci. Mutum zai ɗauke ta kwanaki bai sani ba, ya yi musabaha da jama'a, ya ci tuwo kwano ɗaya da 'yan'uwansa. Da yawa ma ba za su taɓa jin komai ba sai ɗan zazzaɓi da mura, abin da kowa ke kira maleriya ya sha magani ya tashi. Kusan rabin 'yan Najeriya ba su haura shekara 18 ba, cutar kuwa tsofaffi ta fi kayarwa. Da hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ta gwada jinin mutane a ƙarshen 2020, ta tarar a Legas da Inugu da Nasarawa kusan mutum ɗaya cikin biyar ya riga ya kamu ya warke, alhali alƙaluman da ake karantawa kowane dare ba su ko kusanci haka ba. A ƙauye kuwa gwajin ma bai je ba balle a ƙidaya.

Sai kuma tsadar rigakafin. Takunkumi ba shi da tsada, amma zaman gida yana da ita. Manomi yakan auna kuɗin magani da kuɗin kwandunan da yake sa ran ɗiba, in lissafi bai fita ba ya haƙura. An rufe gari daidai lokacin da tumatirin rani ya nuna, kuma tumatir ba ya jiran a janye doka. Mai rake yana da lodin da zai tura, mai mazarƙwaila yana da kasuwar da zai ci, ɗan ƙwadago sai ya fita da safe ake ɗora tukunya da daddare. Asarar zaman gida tabbas ce, yau za a gan ta, ta korona kuwa wataƙila ce. Ga shi Makarfi da Ikara da Kudan duk a bakin iyakar Kano suke. Dangi suna can, kasuwa tana can, auratayya ta haɗa. An hana zirga-zirga tsakanin jihohi, gwamna da kansa ya ce zai je ya tsare iyakar Kano lokacin salla. Aka tsare kwalta, wajen Tashar Yari da Kwanar Ɗangora, hanyoyin daji kuma suka zama na 'yan acaɓa, kuɗin haya ya ninka. Wanda yake jin tsoron cuta ba ya biyan ninki don ya je inda aka ce ta fi yawa. Jami'in tsaro suke tsoro, shi kuwa akwai hanyar kauce masa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne in na tuna da 2014. A Yulin shekarar wani ɗan Laberiya, Patrick Sawyer, ya shigo Legas da Ebola. Duka-duka mutum 20 ta kama a Najeriya, 8 suka mutu, a Legas da Fatakwal, ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Amma a wani dare na farkon Agusta, wayoyi suka yi ta ƙara daga wannan gida zuwa wancan: a tashi kafin asuba, a yi wanka da ruwan zafi da gishiri, a sha. Birni da ƙauye, mai boko da wanda bai yi ba, aka tashi yara cikin barci aka yi musu. Babu gwamnan da ya ba da umarni, hasali ma gwamnati ce ta fito tana roƙon a daina. An ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu saboda gishirin, wasu aka kwantar a asibiti. Cutar da ke nesa da mu da tafiyar yini guda ta tayar da mu tsakar dare, wadda ke yawo a cikinmu ta kasa sa mu wanke hannu. Dalili kuwa a fili yake. Ebola tana da kama: an ga hotunan masu zubar da jini, an ji cewa in ta kama mutum da wuya ya sha. Saƙon kuma daga bakin yaya ko kawu ya zo, wanda ba a zarginsa da neman kwangila. Maganin yana cikin kicin, sau ɗaya za a yi a huta. Wannan shi ne feshin firgici, irin na magani uku a gwangwani ɗaya.

Korona ma ta sami 'yan makonnin da aka ji tsoronta. A cikin Afrilun 2020 masu haƙar kabari a Kano suka fara cewa gawawwakin da ake kawo musu sun fi ƙarfinsu. Farfesoshi da manyan 'yan kasuwa da dattawan unguwa suka riƙa tafiya a jere, wasu a rana ɗaya. Gwamnatin jihar ta ce hawan jini ne da ciwon suga da sanƙarau da maleriya. Daga baya, a watan Yuni, ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙidaya mutuwa 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce sanadi. A waɗannan makonni an ga dattawan da suka daina miƙa hannu, suka koma dafa ƙirji daga nesa. An ga 'ya'yan da suka fara cewa, "Baba, don Allah yau ka yi sallarka a gida." Gonar maƙwabci ce ta ƙone. Da mace-macen suka lafa, tsoron ya lafa da su. Akwai kuma wani abu da ya girgiza mutane fiye da duk sanarwar Abuja: hoton Ka'aba babu kowa a kewayenta, da labarin cewa bana babu Hajji ga 'yan ƙasashen waje. Mutum zai iya cewa 'yan siyasarmu suna neman kuɗin tallafi ne, amma ba zai ce Saudiyya ta rufe Harami don ta ci kuɗin wani ba. Malaman da suka tsaya suka karantar da yadda Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can, sun fi jami'an da ke karanta lambobi tasiri, domin sun cire wa mutane jin cewa kiyayewa rashin tawakkali ne.

Ba halin Bahaushe kaɗai ba ne. Tun shekarun 1950 ma'aikatan lafiya a Amurka suka rasa gane abin da ya sa ake kai motar ɗaukar hoton ƙirji har unguwa, kyauta, don gano tarin fuka, amma mutane ba sa fitowa. Da suka bincika, suka tarar wanda ya yarda cutar za ta iya kama shi, ya kuma yarda gwajin zai amfane shi, shi ne ke zuwa. A 2020 wasu masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Chicago, Austan Goolsbee da Chad Syverson, suka bi sawun wayoyin hannu, suka ga zuwa shaguna ya ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari, amma abin da dokar kulle ta jawo bai wuce kashi 7 ba. Sauran duk mutane ne suka janye da kansu, kuma sun fi janyewa a garuruwan da aka fi mutuwa. Can tsoro ya riga doka. Nan doka ce ta riga tsoro, ta zauna jiransa, a wurare da yawa har aka janye ta bai iso ba.

Akwai wani abu kuma da duk manomi ya sani: in mai shago ya taɓa sayar maka da jabun magani, ko na gaske ya kawo gobe sai ka juya kwalbar sau uku. A 1996 sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Arewa, ya kashe fiye da 11,000. Ana cikin wannan ne kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a wani bincike da ya haɗa yara 200 a Kano. Yara 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda ya manta da ranakun bai manta da labarin ba. Shi ne ya ba jita-jitar 2003 ƙafafu, lokacin da Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan inna. A Oktoban 2020 kuma aka fasa rumbunan ajiya a Kaduna da Jos da wasu garuruwa, aka ga buhunan abincin tallafin korona jibge, bayan mutane sun yi azumi a kulle da yunwa. Hukumomi sun ba da hujjojinsu, amma ido ya riga ya gani. Saboda haka da allurar korona ta AstraZeneca ta sauka a Abuja ranar 2 ga Maris 2021, kusan miliyan huɗu, ta tarar da mutanen da suke ganin allurar ta fi cutar haɗari. Da yawa daga waɗanda suka miƙa hannu daga baya, kati suke nema. Ma'aikaci yana tsoron a hana shi shiga ofis, maniyyaci yana tsoron rasa kujerar Hajjin 2022, tunda Saudiyya ta sa sharaɗin rigakafi.

A wuri ɗaya kwatancen nan ya gaza, kuma wurin yana da muhimmanci. Manomin da ya ƙi feshi, lambunsa ne zai fara ƙonewa, shi zai fara kuka. Saurayin da ya ƙi kiyayewa kuwa, da wuya shi ya kwanta. Kakarsa mai hawan jini ce za ta biya, kuma in ta rasu za a ce tsufa ne, ajali ya yi, babu wanda zai haɗa mutuwarta da zaman majalisar da jikanta ya yi. An shafe watanni ana ce wa matasa su kare kansu daga abin da suka ga ba ya kayar da su. Da an ce musu su kare Inna da Baba, da maganar ta fi shiga, domin wannan haƙƙi ne da aka rene su a kansa.

Yaƙin shan inna ya nuna ana iya gyara irin wannan. Bayan Kano ta dawo da rigakafin a Yulin 2004, masu aikin suka gane cewa takardar likita ba ta buɗe ƙofar gida. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya, abin ya gangaro har kan hakimai da dagatai da masu unguwanni. Aka ɗauki matan unguwa aikin shiga gida-gida. Waɗanda cutar ta shanye wa ƙafafu suka riƙa bin masu ɗigon a kan kekunansu, su tsaya a ƙofar gidan da aka ƙi, maigida ya fito ya gan su. Ba sai an yi dogon bayani ba. Ranar 25 ga Agustan 2020, ana tsakiyar rigimar korona, aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Sai dai rigakafin da ya yi aiki ba ya barin shaida. Yaron da aka yi wa allura bai kamu ba, uwarsa ba ta da abin nunawa, sai zazzaɓin kwana ɗaya da kumburin cinya da ta tuna. Shekara ta bi shekara ba a ga cutar ba, sai a fara ganin zuwa asibiti ɓata lokaci ne, ga aikin gona, ga kuɗin mashin. A ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke a Kano, cutar da tsofaffin likitoci da yawa suka ɗauka an gama da ita. Tana toshe maƙogwaron yaro da wata fata mai toka-toka, wuya ya kumbura, numfashi ya gagara. A daminar 2023 ta iso ƙaramar hukumar Makarfi, a Tashar Na Kawu da ke mazaɓar Gubuchi, ta kashe yara, ta kwantar da wasu. Rigakafinta yana cikin allurar nan mai haɗe da kariya biyar da ake yi wa jariri a sati shida da sati goma da sati goma sha huɗu, kyauta, a ƙananan asibitocin gwamnati. Yawancin yaran da ta kama a faɗin ƙasar ba su kammala ta ba, wasu ko ta farko ba a yi musu ba. Bayan an binne yara a gari, ma'aikacin lafiya ba ya shan wahalar neman iyaye, su ne ke nemansa. Amma allura tana ɗaukar makonni kafin ta gina kariya a jiki, kuma yaron da ya riga ya kamu wani magani dabam yake buƙata, mai karya dafin cutar, wanda a wannan shekarar ya yi ƙaranci har a manyan asibitocin Kano.